Ya Ci Gwanjo Ya Ƙi Biya: Ina Mafita Ga Mai Kaya?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Ingila, ina ɗan taɓa sayar da tsofaffin wayoyi da kwamfutoci a eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, ta hanyar gwanjo. Sau uku ke nan cikin wata biyu mutum yana taya kaya har ya fi kowa, lokaci ya cika, sai ya yi ɓatan dabo. Yanzu haka akwai wata waya da ta tsaya a fam 185, yau kwana 6 ba kuɗi ba amsa. Yayata ma a Kano tana gwanjon leshi da jakunkuna a zaurenta na WhatsApp, kukanmu ɗaya, har tana cewa za ta fara karɓar kafin alƙalami ta riƙe, ta kuma riƙa watsa lambar duk wadda ta gudu. Ina mafita?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya sa albarka a nema.

Ka fara kwantar da hankalinka da abu ɗaya: wayar tana hannunka. Wanda ya taya ya gudu bai tafi da kayanka ba. Abin da ya ɗauke maka shi ne lokaci, da kuma mutanen nan da suka yi ta ƙari a daren da gwanjon ya rufe. Su ne kasuwarka, kuma kullum rana ta faɗi suna raguwa, don mai neman waya ba zai zauna jiranka ba. Saboda haka aikin da ke gabanka iri biyu ne: ka kwance kayanka daga hannun wanda ya gudu da wuri, sannan ka gyara ƙofar shiga gwanjonka yadda tayi ba zai zama kyauta ba.

Na koyi wannan da kuɗina. Shekarun baya na sa wata kyamara a gwanjon kwana 7. Mutum biyu suka riƙe wuta a mintunan ƙarshe, ta tsaya a fam 310, na biyun ya tsaya a 305. Washegari wanda ya ci ya rubuto cewa albashi zai shigo ranar Juma'a. Juma'a ta zo, ya ce katinsa ya samu matsala. Na riga na sa kyamarar a kwali, na naɗe da salatif, na rubuta adireshinsa, kwalin yana bakin ƙofa ina tsallake shi safe da yamma. Kunya ta hana ni sokewa, don mutumin yana magana da ladabi. Sai da aka yi kwana 19 ya daina amsawa gaba ɗaya. Da na nemi na biyun, ya ce ai ya sayi irinta tun makon farko. Na sake sa ta, ta tafi a fam 240. Fam 65 ɗin da ke tsakanin 305 da 240, jinkirina ne ya cinye su.

A dokar eBay, wanda ya ci gwanjo yana da kwana 4 ya biya. Da zarar sun cika kana da damar soke cinikin, kuma damar tana nan har kwana 30 daga ranar da aka rufe. Taka ta kai kwana 6, don haka yau za ka motsa. Ka tura masa saƙo guda ta cikin eBay, gajere, ba zagi ba roƙo: ka gode masa da tayin, ka ce in kuɗi bai shigo ba zuwa ƙarfe 8 na daren yau za ka soke. Lokacin na cika ka soke.

Wurin sokewar ne mutane da yawa ke cutar kansu. Za a ba ka dalilai ka zaɓi ɗaya. Ka zaɓi wanda ke cewa mai saye bai biya ba, shi kaɗai. In ka zaɓi cewa kaya sun ƙare ko sun lalace, laifin a kanka za a rubuta shi, ya taɓa darajar asusunka. In ka zaɓi cewa mai saye ne ya nemi a soke alhali bai nema ba, ka wanke shi tas, gobe ya je ya yi wa wani. Amma in ka zaɓi dalilin gaskiya, ana rubuta rashin biyan a asusunsa, duk wata la'ada da za a ɗora maka a kan cinikin ana sauke ta, kuma ba zai iya dawowa ya ɓata maka suna a shafin sharhi a kan wannan kayan ba. Kada ka ɓata lokaci neman yadda za ka rubuta masa mummunan sharhi. Tun 2008 eBay ya hana masu sayarwa ba mai saye maki mara kyau, kuma in ka ba shi maki mai kyau ka cusa zagi a ƙarƙashi, kai ka karya doka. Wannan rubutun rashin biya shi ne sandarka, kuma tana duka, za ka ga yadda nan gaba.

Kana sokewa, a zaman nan, ka aika wa wanda ya zo na biyu tayin dama ta biyu. eBay yana da tsari na musamman don haka: yana ba ka har kwana 60 bayan rufe gwanjo, farashin kuma shi ne tayin ƙarshe da mutumin ya sa. Kwana 60 ɗin kada su ruɗe ka, darajar wannan tayi a kwanakin farko take. Ka ba shi wa'adin kwana ɗaya ko uku, ka haɗa da ɗan saƙo cewa wanda ya ci bai biya ba, kuma tayin yana cikin akwatin saƙonsa na eBay. Wannan jimla ta ƙarshe tana da amfani, domin 'yan damfara sun daɗe suna aika wa mutane tayin dama ta biyu na bogi ta imel, masu saye da yawa sun zama masu tsoro. In bai karɓa ba, ka sake sa wayar, ka kuma sa sunan wanda ya gudu cikin jerin waɗanda ka toshe.

Masu gudun nan ba iri ɗaya ba ne, kuma sanin haka yana rage ɓacin rai. Mafi yawansu zafin gasa ne ya kwashe su. Mutum ya shiga da niyyar fam 150, ya ga wani ya wuce shi saura daƙiƙa 20, zuciya ta ce kada a kayar da shi, ya danna 185, da safe ya farka yana nadama. Wani kuma waya iri ɗaya ya taya a wuri biyar, ya biya mafi araha ya watsar da sauran, kuma wannan ya fi yawa a wayoyi da kwamfutoci, kayan da ake samun irinsu ɗari a kowane lokaci. Akwai wanda da gaske wata lalura ta faɗo masa. Ragowar, waɗanda suka fi ƙanƙanta a yawa amma suka fi haɗari, su ne waɗanda tun farko ba saye ya kawo su ba.

Waɗannan sukan ci gwanjon da farashi mai daɗi, sannan su nemi lambar wayarka ko imel ɗinka. Can sai ga saƙo mai tambarin kamfani yana cewa an biya, amma an riƙe kuɗin sai ka aika kaya ka turo lambar bin sawu. Ƙarya ce. Kuɗin da ba ka gani a cikin asusunka na eBay ba, ba a biya shi ba, kuma duk hirar da ta fita daga cikin eBay ta fita daga inda za a iya kare ka. Akwai kuma wata dabara ta mutum biyu, ko mutum ɗaya mai asusu biyu: ɗaya ya taya kaɗan, ɗayan ya ɗaga farashi sama yadda kowa zai ja da baya, ana dab da rufewa ya janye babban tayin, kaya su faɗo wa ƙaramin. In ka ga sabon asusu ya yi tsallen da ba hankali a ciki, kana da ikon soke tayinsa kafin lokaci ya cika. Ka tambaye shi tukuna, in ya yi shiru ka soke.

Yanzu bari mu je tushen matsalar. Ina yaro na sha bin mahaifina kasuwar Maigatari ranar Alhamis. A kara, mutum zai taya sa, mai shi ya ce albarka, dillali ya yi ta kai da kawo har a daidaita. Sai ya kama hannun mai saye ya haɗa da na mai sayarwa, a ce an sallama, a yi addu'ar Allah ya ba da riba, nan take mai saye ya zaro wani abu daga aljihu ya miƙa kafin a kammala lissafi. Ba a cika jin wanda ya taya ya gudu ba, kuma ba don mutanen da sun fi na yanzu tsoron Allah kawai ba. Dillalin ya san gidansa, ya san ubangidansa, Alhamis mai zuwa ma nan zai dawo. Fuskarsa ita ce jinginarsa. A intanet an cire fuskar, an cire dillalin, an cire kuɗin da ake zarowa daga aljihu, aka bar danna maɓalli. Duk maganin da ke aiki, in ka duba, ƙoƙari ne na maido da ɗaya daga cikin ukun nan.

Manyan gwanjo ma da wannan suke fama. A Nuwamban 2013 kamfanin Sotheby's ya yi gwanjon wani lu'ulu'u mai suna Pink Star a Janiba, ya tsaya a kusan dala miliyan 83. Mai sayen ya kasa biya, dutsen ya koma hannun kamfanin, sai a Afrilun 2017 aka sayar da shi a Hong Kong a kan dala miliyan 71.2. Shekara uku da 'yan watanni, da giɓin kusan dala miliyan 12. Ka kwatanta da abin da ya faru a gida. A Janairun 2001 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a Abuja, kuma kowane kamfani sai da ya ajiye dala miliyan 20 kafin a bar shi ya buɗe baki. Farashi ya tsaya a dala miliyan 285, MTN da Econet da kamfanin CIL na Mike Adenuga suka ci. CIL bai cika kuɗin a cikin wa'adi ba, yana mai cewa akwai shari'a a kan zangon sadarwar da aka ba shi. Aka janye lasisin, hukumar ta riƙe dala miliyan 20 ɗin. Ko me mutum zai ce game da wa ke da gaskiya a wannan rigima, dokar an rubuta ta kafin a fara, kowa ya sa hannu, kuma tayin yana da nauyi a aljihu.

Kai a eBay ba ka da ikon karɓar kafin alƙalami, amma kana da makamancinsa. A cikin saitin asusunka akwai wurin sharuɗɗan masu saye. Ka kunna wanda ke hana duk mai rashin biya 2 ko fiye a cikin wata 12 taya kayanka. Nan ne rubutun da na ce ka tabbatar an yi wa mai gudunka yake aiki: duk mai sayarwar da ya kunna wannan saiti ya rufe masa ƙofa. Ka kuma kunna sokewa ta kai tsaye bayan kwana 4, don kunya irin wadda ta kama ni kada ta samu wurin shiga. A 'yan shekarun nan eBay ya ƙaro zaɓin da ke sa mai tayi ya ajiye katinsa kafin ya taya, a cire kuɗin da kansa in ya ci. In ka gan shi a asusunka ka kunna.

Sai shawarar da nake ganin ta fi duk waɗannan a wajenka: ka daina sa wayoyi a gwanjo. Gwanjo an yi shi ne don kayan da ba a san farashinsu ba sai masu so sun yi gasa, kamar tsohon agogo ko littafin da ya yi wuyar samu. Waya kuwa farashinta a bayyane yake. Ka duba nawa irinta ta tafi a makonnin baya, ka sa farashi tsayayye, ka kunna sharaɗin biya nan take. Da wannan, kaya ba ya fita daga kasuwa sai kuɗi ya shiga. Mai son ragi ya aiko da tayinsa ka duba.

To, mu koma kan yayarka, wadda tata ta fi taka wuya, don ba kamfanin da zai tsaya mata. Ita ce mai kaya, ita ce dillaliya, ita ce alƙaliya.

Abu na farko, ta rubuta doka ta liƙa a bayanin zauren, ta kuma maimaita ta a farkon kowane gwanjo: ƙarfe nawa ake rufewa, mafi ƙarancin ƙari nawa ne, awa nawa wadda ta ci take da shi ta biya, wa ke biyan kuɗin aike, me zai faru in ba a biya ba. Dokar da aka fito da ita bayan rigima ta tashi ba ta ɗaure kowa. Ta sani kuma WhatsApp yana barin mutum ya gyara saƙonsa cikin minti 15, ya kuma goge shi ga kowa har kusan kwana biyu. Don haka lokacin rufewa na cika ta ɗauki hoton allon, ta rubuta sunan wadda ta ci da farashi, da ta biyu da ta uku, wadda ta ci ta amsa da "na saya". Wadda ta goge tayinta ana cikin gasa, ta fita daga wannan gwanjon. Wa'adin biya kada ya wuce awa 24, tunda tura kuɗi yanzu aikin minti ɗaya ne. In na'urar banki ta yi gardama, ai ana gani, sai a ƙara mata lokaci. Kuma kada leshi ya bar gida zuwa tasha a kan hoton rasit ko alat na saƙon waya, sai ta buɗe manhajar bankinta ta ga kuɗin a zaune.

Batun kafin alƙalami yana buƙatar a tsaya a kansa, don akwai maganar malamai a ciki. Gwanjo kansa halal ne a wajen mafi yawan malamai, a littattafan fiƙihu ana kiransa bai'ul muzayada. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa wata shimfiɗa da ƙoƙon sha a kasuwa, wani ya taya dirhami ɗaya, ya tambaya wa zai ƙara, wani ya ba da biyu, ya sallama masa. Inda aka yi saɓani shi ne kuɗin da ake bayarwa a kan cewa in ciniki ya kammalu a lissafa shi cikin farashi, in mai saye ya fasa mai kaya ya cinye. Sunansa urbun. Imamu Malik ya kawo hani a kansa a cikin Muwaɗɗa, kuma a kan hanin Malikiyya da Shafi'iyya da Hanafiyya suke. Imamu Ahmad ya halatta, yana kafa hujja da cinikin gidan da aka saya wa Sayyidina Umar a Makka daga hannun Safwan ɗan Umayya, bisa sharaɗin in Umar bai amince ba a bar wa Safwan wani adadi. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, OIC, a zamanta na 1993 a Burunai, ta halatta urbun in an iyakance wa'adin jira. A wannan zaman dai ta ce ya halatta a nemi masu shiga gwanjo su ajiye kuɗin lamuni, da sharaɗin a mayar wa duk wanda bai ci ba, wanda ya ci kuma a lissafa masa cikin farashi.

Ganin cewa yayarka tana Kano, tsakanin mutanen da akasarinsu a kan Malikiyya suka tashi, ga abin da nake ba ta shawara. Ta karɓi ajiyar, amma kada ta mayar da ita hanyar riba. In mace ta gudu, ta sayar da kayan ga wata, ta lissafa asarar da ta yi ta zahiri, wato giɓin farashi da abin da ta kashe, ta cire wannan kaɗai, ta mayar da ragowar. In ba ta yi asara ba ta mayar da kuɗin duka. Irin wannan tsarin ne hukumar AAOIFI, mai tsara ƙa'idojin bankunan Musulunci daga Bahrain, ta amince da shi a kan kuɗin nuna da gaske ake: asarar da aka yi kawai ake cirewa. Ta kai rubutacciyar dokar ga malamin da ta yarda da shi ya duba kafin ta liƙa. Ba sai ta nemi ajiya daga kowa ba. Tsofaffin abokan cinikinta da suka saba biya, sunansu ya isa. Sabuwar shiga, ko wadda ta taɓa gudu sau ɗaya, ita ce za ta ajiye wani abu kafin ta taya, ko ta kawo wadda za ta tsaya mata a cikin zauren.

Akwai wani haƙƙi da masu gwanjo ke yawan takewa ba su sani ba, haƙƙin wadda ta zo ta biyu. A ce leshi ya fara daga naira 40,000. Mata huɗu suna ƙari, biyu suka tsaya a 52,000. Daga nan aka bar Hajiya da wata baƙuwa suna ja, har Hajiya ta ce 68,000, baƙuwar ta ce 70,000, aka rufe. Baƙuwa ta ɓace. In yayarka ta je ta ce wa Hajiya ta kawo 68,000, ta tuna cewa daga 52,000 zuwa 68,000 Hajiya da inuwa ta yi kokawa. Ba don tayin da ba na gaskiya ba, da ta samu leshin a 53,000 ko 54,000. Hajiya kuwa za ta yi wannan lissafin a ranta, kuma tambayar da za ta biyo baya ita ce: anya baƙuwar nan ba ƙawar mai kaya ba ce? Wannan zargi yana kashe zaure fiye da masu gudu goma. Abin da ake zargin yana da suna, najash, wato mutum ya ƙara farashi ba da niyyar saye ba don wani ya faɗa, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito haninsa daga Abdullahi ɗan Umar. Don haka ni a ganina ta gaya wa Hajiya gaskiyar abin da ya faru, ta ba ta zaɓi: ko su koma kusa da inda sauran mata suka tsaya su daidaita, ko a sake buɗe gwanjon a gaban kowa. Kuma Hajiya ba ta da tilas, tunda an wuce tayinta ta kuɓuta. Naira dubu goma sha wani abu da yayarka za ta rasa a nan, amana take saye da ita. Ba sai na faɗa ba, kada ta taɓa barin ƙanwa ko ƙawa ta riƙa "ɗumama" gwanjo da tayin wasa, ko da farashi ya yi ƙasa. In tana tsoron faɗuwa, ta sanar tun farko cewa akwai farashin da ba za ta sallama ƙasa da shi ba.

Watsa lamba da hoto kuwa, ina roƙonta ta bari. Na san zafin da ke sa mutum ya yi tunanin haka, amma ƙofar fitina ce. Ɓata suna laifi ne a dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa, ga kuma dokar kare bayanan mutane ta 2023, kuma mai kaya da ke da gaskiya tana iya wayar gari ita ake tuhuma. Ban da wannan, lambar da ke zaure ba kullum ta mai laifin ba ce: wata wayar mijinta ce, wata 'yarta ce ta ɗauka ta danna. Ta cire ta daga zauren, ta rubuta a takaice cewa an soke cinikin kaza saboda rashin biya, ba suna ba lamba. In suna da zumunci da wasu masu gwanjo, su riƙa tambayar juna a asirce kafin su karɓi baƙuwa. Wannan ya isa.

Maganar kotu gajera ce. A doka, ciniki ya ƙullu da zarar mai gwanjo ya sanar da rufewa. Haka yake a dokar sayar da kaya ta Ingila ta 1893 wadda Najeriya ta gada, haka yake a ta 1979 da ake aiki da ita inda kake. Dokar shaida ta Najeriya ta 2011 ma ta buɗe ƙofar karɓar saƙonnin waya da na kwamfuta a matsayin hujja. Amma abin da kotu kan ba mai kaya a irin wannan shi ne giɓin da ke tsakanin farashin da aka tsaya da wanda kayan suka samu daga baya. A wayarka wataƙila fam 20 ne, a leshin yayarka dubu goma sha wani abu. Kuɗin mota da ranakun da za a ɓata sun fi haka. In mota ce ko fili ko kaya na miliyoyi, to nan a rubuta yarjejeniya, a karɓi ajiya mai nauyi, a nemi lauya tun kafin a buɗe gwanjo.

Wanda kuma ya fito fili ya ce ya yi kuskure, ko wata lalura ta same shi, a sake shi da daɗin rai. Abu Dawud ya ruwaito cewa wanda ya yarda ya warware ciniki ga Musulmin da ya yi nadama, Allah zai yafe masa tuntuɓensa. Ta fuskar kasuwa ma, wanda ya gaya maka a awa ta farko cewa ba zai iya ba ya taimake ka, don na biyu yana nan bai tafi ba. Shi ya sa nake so yayarka ta sa wannan a cikin dokarta a sarari: wadda ta sanar cikin awa biyu cewa ta fasa, ba abin da za a cire mata, ba kuma za a kore ta ba a karon farko. Mutane da yawa kunya ce ke sa su kashe waya, in aka buɗe musu ƙofar fita da mutunci za su bi ta nan. Kai ma a eBay, in mai saye ya nemi sokewa da kansa da wuri, ka karɓa, ka zaɓi dalilin cewa shi ya nema, tunda a nan gaskiya ce.

Ka gaya mata ta sa rai cewa a makon farko na sabuwar doka masu tayi za su ragu, farashin rufewa ma zai ɗan sauka, wasu za su yi ƙorafi cewa ta cika tsanani. Kada ta janye. Ta ɗauki littafi ta yi wata guda tana rubuta abin da ya shiga asusunta da yawan kwanakin da kowane kaya ya yi kafin ya bar gida, ta kwatanta da watan da ya wuce, sannan ta yanke hukunci a kan abin da za ta sassauta. Kai kuma ka je ka tura wa mutumin nan saƙon ƙarfe 8. Ka gaishe min da Yaya.